Gemu Ba Ya Hana Ciki

Ku da kuka zo kuna so in sa ku a hanyar aikin tafintan asibiti, ku zauna tukuna. Na ji Larabcinku, ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Ni har yau idan na buɗe baki, malaman nahawu sai sun runtse ido. Amma shekara ashirin da biyu ke nan ina raka marasa lafiya wajen likitocin Alƙahira, kuma na ga masu Larabci irin naku sun shigo aikin nan sun gudu kafin su yi wata uku. Kuna ganin aikin bai wuce likita ya yi magana ka juya, mara lafiya ya yi magana ka juya, ka hau mikrobas ka koma unguwarmu ta Hay el-Sabi' ka sha shayi ba. Ni Saudatu, da kuke kira Anti Saude, zan gaya muku yadda yake.

Jakar nan da kuke yi wa dariya, da ita nake aiki. Akwai littafi mai bangon roba da nake rubuta sunan magani da lokacin shansa, domin rubutun likitan Masar ko shi kansa ba kullum yake iya karanta shi ba. Akwai biro biyu, baƙi na maganin da za a fara, ja na wanda aka ce a daina. Akwai zani, saboda rigar da suke ba mutum a ɗakin hoto ba ta rufe baya, kuma babu Bahaushiyar da za ta ratsa baranda a haka. Akwai dabino na wanda aka hana karin kumallo saboda ɗibar jini, da leda ta wanda mota take juya wa ciki. Takalmin nan mara kyan gani kuwa, wanda ya yi tsayuwar awa shida a layin karɓar sakamako ba zai ƙara tambayata dalilinsa ba.

Na koyi aikin a hannun Hajja Asha, Bahaushiyar Sudan da take zaune a unguwar Arba wa Nus, Allah ya jiƙanta. Mijina ya kawo ni garin nan daga Katsina don karatunsa, ya rasu ya bar ni da yara biyu, ita ta ja ni. Shekara biyu ina riƙe mata jaka ba ta bar ni na juya ko kalma ɗaya ba. Ita ta koya min inda ake tsayawa: gefen mara lafiya, ɗan baya kaɗan, ba kusa da teburin likita ba, don mutum ya san ke tasa ce. Ita ta koya min cewa attajirin da ya zo gyaran gwiwa daga Kano zai yi miki tsawa don tsoro yake ji, matar ma'aikacin ofishin jakadanci za ta gyara miki Larabci alhali ba ta jin rabinsa, ɗan kasuwar Nijar kuma zai ce ya gane da Faransanci, bai gane ba.

Sai kuma abu ɗaya da ta koya min wanda mu tafintoci muke kira tacewa. Likitan Masar ba shi da kunyar tambaya. Zai dubi dattijo mai furfura ya tambaye shi yadda yake da iyalinsa a shimfiɗa. To ke ba za ki juya masa haka tsirara ba, sai ki kewaya, ko ma ki haɗiye tambayar. Idan budurwa ce aka kawo ɗaukar hoto, uwarta tana zaune, aka tambaya ko akwai yiwuwar ciki, ba kya juyawa. Ke da kanki za ki ce babu, a wuce wurin. Muna ɗaukar wannan a matsayin sanin ya kamata, muna ma taƙama da shi. Mu duba mutum daga sama zuwa ƙasa, mu yanke wace tambaya ce ta dace da shi. Shekara goma sha tara ina yin haka ban taɓa jin komai a raina ba.

Wata safiyar Talata wani tela ɗan Damagaram mai suna Idris ya kira ni ya ce ɗan'uwansa ne ciki yake damu. Sunayen nan ba nasu ba ne, kada ma ku wahalar da kanku da bincike. Muka haɗu a wani ƙaramin asibiti da ke saman shago, ba nisa da nan. Mara lafiyar, Nasiru, wanda suke ɗinki a shago ɗaya da Idris, gajere ne siriri, da ɗan gemu a haɓa, murya a buɗe, ya sa babbar jaket duk da zafin da ake yi. Larabcinsa na sayen burodi ne kawai. Muna zaune a benci ya aiki Idris sayen ruwa, sannan ya matso.

"Tanti, akwai maganar da zan gaya miki, amma ba ta likita ba ce."

Ya ce da jikin mace aka haife shi, sunan mace ne a fasfonsa, amma tun yana ƙarami ya san kansa namiji. Ya baro gida ya zo inda ba a san shi ba. Shekara biyu ke nan yana yi wa kansa allurar testosteron, wato sinadarin da ke sa gemu da muryar maza, yana sayenta a wani kantin magani ba tare da ganin likita ba. Idris kuma ba ɗan'uwansa ba ne, shimfiɗarsu ɗaya. Ya gaya min ne don kada in bari a tuɓe masa riga, kuma kada a nemi fasfo. Ya ce idan maganar ta fita, aikinsa da ɗakinsa sun tafi, ƙila har da 'yancinsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na rasa inda zan sa idona. Amma aiki aiki ne. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin al'ada. Ya ce tun wata na huɗu da fara allurar ta ɗauke, kuma mai sayar masa da ita ya ce masa khalas, wannan ƙofa ta rufe, ba sauran batun ciki. Abokansa da suke hira a waya ma haka suka ce. Ni kuma na gyaɗa kai. Ni da na san mata nawa suka ɗauki ciki suna goyo ba su ga ɗigon jini ba, na gyaɗa kai, don na kalli gemu na bar shi ya yi min tunani.

Muka shiga. Likitan ya tambaya ko yana shan wani magani. Na juya tambayar, Nasiru ya dube ni, ni kuma na ce wa likita babu. Ya danna cikin ta saman riga, ya ce ƙolon ne, wato hanji, domin a garin nan duk ciwon cikin da ba a gane ba ƙolon ne. Ya rubuta ƙwayoyi ya ce a rage wake. Na rubuta su da baƙin biro, na raka su bakin titi, na tafi ina jin na rufa wa bawan Allah asiri.

Kwana shida bayan nan, ana idar da azahar, Idris ya sake kira. Nasiru ya faɗi a bayin shagon ɗinkin. Na same shi a Arba wa Nus kwance kan tarin yadi, leɓensa fari fat, gumi yana keto masa, hannunsa kamar an ciro daga firji. Ya ce cikin ya yi tauri, kuma wani ciwo ya hau masa kan kafaɗa. Da na ji kafaɗa gabana ya faɗi. Na taɓa raka wata 'yar Maraɗi da ta ce min haka, cikinta ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba ta ciki. Ita ba ta fito daga ɗakin tiyata ba.

Muka ɗauke shi zuwa tasi. A hanya na kira wata likitar mata da na daɗe ina aiki da ita, Duktura Hala, na ce ta jira ni a ƙofar asibitinsu. Sannan na sunkuya kusa da kunnensa na ce ina zaton juna biyu ne, kuma zan faɗa wa likita komai.

Ya buɗe ido da ƙyar. "In kika faɗa kin kashe ni, Tanti."

"In na yi shiru ma na kashe ka," na ce. "Gara wanda za ka tashi ka zage ni."

Ya ce bai yarda ba. Sau biyu ya faɗa, na ji shi sarai, Idris ma ya ji. Kafin mu kai ya suma.

A ɗakin gaggawa wani matashin likita ya riga Duktura Hala isowa. Ya ga saurayi mai gemu da taurin ciki, ya fara kiran a shirya aikin afendis. Akwai nas biyu a wurin, da mai tura gado, da mutanen wani mara lafiya bayan labule. Na tsaya na faɗa da Larabcina mai gurɓin nan cewa wannan mutum yana da mahaifa, yana kan testosteron, yana da abokin kwana namiji, a duba ko juna biyu ne. Mai tura gado ya saki gadon ya ja baya. Ni kuwa na sake maimaitawa, don na ga likitan yana kallona kamar wadda ta zare. Sai ga Duktura Hala. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta jawo na'urar hoto ta ɗora, ta ce cikin cike yake da jini, yalla, a yi sauri. Ciki ne ya zauna a ɗaya daga cikin bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ya fasa shi. Suka cire bututun, aka yi masa ƙarin jini, ya rayu.

Washegari Duktura ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ta ga takardar ƙolon a aljihun jaket ɗinsa. Ta tambaya ko ni ce na yi tafinta ranar, na ce ni ce. Ta tambaya ko na san da allurar a lokacin, na ce na sani. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce da na kawo mata shi a asirce tun ranar, gwajin fitsari na ɗan tsinken nan da kowane kantin magani ke sayarwa ya isa ya nuna. Ta ce wataƙila da an tsayar da abin da magani, ba yanka, ba kwanciya, ba wanda zai ga fasfonsa. Wato shirun da na yi don in rufa masa asiri shi ne ya kai shi kan gadon da asirin zai tonu. Na fito daga ofishin na zauna a matakala har aka kira la'asar.

Rana ta uku ta zauna a bakin gadonsa ta yi masa bayani, ni ina juyawa. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya, bango yake kallo, amma yana saurare. Ku ma ku saurara, don na juya maganar nan kalma bayan kalma ban tace komai ba, karo na farko a rayuwata. Ta ce testosteron yana ɗauke jinin wata ga mutane da yawa, amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. Ƙwai yana iya fita ba tare da wata alama ba, ko da an shekara ba a ga jini ba. Duk mai mahaifa da ke kwana da mai maniyyi yana iya ɗaukar ciki, ko muryarsa ta kai ta ladan. Ta ce bututu ɗaya da ya rage masa ya isa a sake. Ta ce idan ciki ya shiga ana kan allurar, tana iya cutar da abin da ke cikin, don haka wanda yake son haihuwa sai ya ga likita ya dakatar da ita tukuna. Wanda ba ya so kuwa, hanyoyin da kowa ke bi shi ma a buɗe suke gare shi, kuma ba sa hana shi ci gaba da allurarsa: robar da ake sawa a mahaifa, wadda a nan suke kira laulab, ko ashanar da ake sawa a damtse, ko allurar wata uku, ko ƙwaya. Kororon roba kuma yana ƙara da kariya daga cututtuka. Sai ya ce wa bango a sa masa ta damtse, don ba ya son a ƙara duba shi ta ƙasa. Kafin a sallame shi aka sa.

Saboda fasfonsa, a ɓangaren mata aka kwantar da shi. Duktura ta nema masa ɗaki shi kaɗai a ƙarshen baranda, amma ƙofa ba ta zama a rufe a asibiti. Wata maƙwabciyarsu da ta zo dubiyar ƙanwarta ta leƙa ta ga fuskar da ta sani a shagon ɗinki. Kafin a cire masa zare zance ya gama Arba wa Nus ya tsallako Hay el-Sabi'. Mai shago ya sallame su su biyun. Mai gida ya ba su kwana uku. Wasu samari suka fara tsayawa a bakin lungu suna ambaton 'yan sanda. Na je da kwanon farfesu ranar da suke ɗaure kaya, Idris ya buɗe ƙofa, Nasiru daga ciki ya ce a ce min ya ba ni amana na ci. Farfesun a hannuna ya huce. Suka koma can wani ƙarshen gari, lambar wayarsu ta daina shiga.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Wasu manyan matan mutanenmu suka zo har ɗakina su uku, da mayafai masu tsada, suka ce suna so su ji gaskiyar magana daga bakina don a san matakin ɗauka. Na kawo musu ruwa, na ce ban san zancen da suke yi ba. Babbarsu ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina jin tsoronsa, shi ya sa abin da ita ma ta gaya wa likita a gabana shekara biyar da suka wuce har yau mijinta bai ji shi a bakina ba. Ta miƙe ba ta taɓa ruwan ba. Daga ranar wayata ta yi shiru. Aka ce ni ce tafintar 'yan iska. A wurin suna in na zauna, sai tabarma ta yi fili hagu da dama. Matan da na riƙe wa hannu a ɗakin haihuwa suka koma neman ɗalibai irinku, waɗanda ba su san bambancin hanta da saifa ba. Na koma raka 'yan Chadi da 'yan Sudan da ba ruwansu da gulmarmu, ina dafa tuwo ina sayar wa ɗalibai. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma ban je ƙofar kowa ba da haƙuri ba.

Na ga wasunku sun sunkuyar da kai, ɗaya ma yana motsa baki. Ku faɗa, na sha ji. Ni ban ce muku na gane rayuwar Nasiru ba, har yau ban gane ta duka ba. Ba a ɗauke ni aikin alƙalanci ba. An kira ni ne in tsaya tsakanin mai ciwo da mai magani, kuma jinin da ya cika masa ciki bai tsaya jiran fatawar kowa ba. Wanda yake ganin akwai mara lafiyar da bai cancanci a juya maganarsa daidai ba, ya je Wustul Balad, tsakiyar gari, ya yi wa masu canjin kuɗi tafinta, can ba a mutuwa.

Hajja Asha ta koya min alheri mai yawa, amma tacewa na ajiye ta. Yanzu duk tambayar da likita ya yi sai ta isa kunnen mai ita. Idan budurwa ce, in ce wa uwar ta ɗan je ta samo mana ruwa, in tambayi yarinyar ita kaɗai. Idan dattijo ne, in dubi ƙasa in faɗa masa yadda aka faɗa. Idan mutum ya ba ni sirrin da ya shafi jikinsa, nan take nake gaya masa cewa ba zan kai shi kasuwa ba, amma ba zan ɓoye wa likita ba, sai dai mu nemi likitan da za a iya gaya wa. Na san uku a garin nan, kuma ba zan ba ku sunayensu ba sai na ga kamun ludayinku. Sannu a hankali mutanenmu suka dawo, domin ciwo ba ya barin mutum ya yi ta fushi da wanda ya san hanya. Ba wadda ta ba ni haƙuri, ni ma ban nema ba.

Nasiru kuwa shekara uku ban ji ɗuriyarsa ba. Ban san ko yana garin ba, ban san ko yana raye ba. Duk lokacin da aka ce an kama wasu baƙi, sai in kasa cin abinci. Satin da ya wuce ina tsaye a layin karɓar sakamakon wani Alhaji, wata lamba da ban sani ba ta kira. Na ɗauka. Muryar ta ƙara kauri, amma Hausar Damagaram ba ta ɓuya. Bai gaishe ni ba. Ya ce abin da aka sa masa a damtse lokacinsa ya cika, Duktura ta ce a zo a canza, kuma har yanzu Larabcinsa bai kai na asibiti ba. Ina jin ƙarar keken ɗinki a bayansa.

"Ban yafe miki ba fa, Tanti," ya ce. "Ba ni da wanda zai raka ni ne kawai."

Na matsa gefe na ba na bayana wuri, na ciro littafina da biro.

"Ba yafiya na tambaye ka ba," na ce. "Wace rana, ƙarfe nawa?"